Harin Kasuwar Taminus: Bashin Da Har Yanzu Ba a Biya Mutanen Jos Ba

Ranar Talata 20 ga watan Mayu, 2014, da misalin ƙarfe uku na yamma, wata mota da aka maƙare da bam ta tashi a tsakiyar Taminus, cibiyar kasuwancin birnin Jos. Jama'a suka ruga domin ceton waɗanda abin ya rutsa da su, wasu na ɗaukar masu rauni, wasu na neman 'yan uwansu cikin hayaƙi. Kusan rabin sa'a bayan haka sai mota ta biyu ta tashi, ta haɗa har da masu kai ɗauki. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ce aƙalla mutum 118 ne suka rasu, kuma an ɗora alhakin harin a kan Boko Haram. Cikin mamatan akwai mata masu kasa kayan miya a bakin titi, da 'yan dako, da direbobi, da ɗaliban Jami'ar Jos, da mutanen da cefane kawai ya fito da su daga gida.

Ba a gama zaman makokin wannan ba, ranar 11 ga Disamba na wannan shekarar bama-bamai biyu suka sake tashi a yankin na Taminus, suka kashe sama da mutum 30. Sai kuma daren 5 ga Yuli, 2015, cikin watan azumi, aka kai hari gidan cin abinci na Shagalinku da ke titin Bauchi, aka kuma buɗe wuta tare da tayar da bam a masallacin 'Yan Taya, inda Sheikh Sani Yahaya Jingir ke gabatar da tafsiri. A daren nan aƙalla rai 44 ya salwanta. Duka wuraren nan uku abu ɗaya ya haɗa su: taro ne na jama'a, babu shinge, babu wanda ke tambayar mai shigowa abin da ya ɗauko.

Wannan jarida na ganin ya dace a sake ɗago batun, domin abin da ya biyo bayan harin Taminus ya fi harin kansa nuna mana irin gwamnatocin da muke da su.

Da farko dai mutanen Jos sun cancanci jinjina. Garin da ya ga rikicin Satumbar 2001, da na Nuwambar 2008, da na Janairun 2010, an yi fargabar cewa bam ɗin Taminus zai sake kunna wutar ramuwar gayya tsakanin unguwa da unguwa. Abin da maharan ke so ke nan. An samu zaman ɗar-ɗar, matasa sun tare hanyoyi a wasu wurare, amma garin bai faɗa irin waɗancan tarzoma ba. Malamai da limaman coci sun yi ta jan kunnen mabiyansu. Gawawwakin da aka kai asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, da Asibitin Ƙwararru na Filato, da asibitin Jankwano, na Musulmi ne da Kirista, Bahaushe da Birom da Ibo da Bayarabe da Anaguta da Afizere. Wanda ya shiga ɗakunan ajiye gawa a ranar yana buɗe mayafi ɗaya bayan ɗaya don neman ɗan'uwansa, ya ga da idonsa cewa musibar ta kowa ce.

To amma gwamnati fa? Ya kamata a tuna dalilin da ya sa dubban mutane suke cunkushe a bakin titi a ranar. Babbar Kasuwar Jos, wadda a zamaninta ake sanya ta cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma, ta ƙone ƙurmus a watan Fabrairun 2002. Masu dubban shagunan da ke cikinta ba su da inda za su, sai suka baje kolinsu a titin Murtala Mohammed da titin Ahmadu Bello da lungunan da ke kewaye da kangon. Mai tebur, mai baro, mai shimfiɗa buhu a ƙasa, duk suna gogayya da motocin haya da masu sauke kaya. A irin wannan cakuɗi, ajiye mota a tafi a bar ta ba ya ɗaukar hankalin kowa. Da kasuwar na nan da katangarta da ƙofofinta da wurin ajiye motoci nesa da rumfuna, da aikin maharan bai zo musu da sauƙi haka ba.

Sama da shekara 20 ke nan da gobarar. A kujerar gwamna, Joshua Dariye ya zo ya tafi, Jonah Jang ya yi shekara takwas, Simon Lalong ya yi takwas, kasuwar ba ta dawo ba. A 2022 gwamnatin Lalong ta fito da shirin sake gina ta tare da bankin Jaiz, sai maganar ta rikiɗe ta zama gardamar addini, aikin ya tsaya cak. Ko me mutum ke gani game da sharuɗɗan yarjejeniyar, abin kunya ne a ce kasuwar da ta haɗa kowa ita ce aka kasa ginawa saboda rashin yarda da juna. Yau garin ya rabu, akwai unguwannin da wasu ba sa shiga sai dole, kasuwanni ma sun fara bin wannan layi. Taminus na cikin 'yan wuraren da suka rage inda matar da ta ɗauko dankalin turawa daga ƙauye ke zama kusa da mai sayar da atamfa daga Gangare, su yi ciniki, su yi wa juna canji, su bar wa juna tsaron kaya. Barin wurin a wulaƙance asara ce ga zaman lafiya kafin ma a zo maganar kuɗin shiga.

Mu dubi abin da wasu suka yi. A Satumbar 2013 'yan bindigar Al-Shabab suka shiga katafariyar cibiyar sayayya ta Westgate a Nairobi, suka kashe mutum 67. Hukumomin Kenya sun sha suka kan yadda suka tafiyar da aikin ceton, amma an sake buɗe wurin a watan Yulin 2015 da tsauraran matakan bincike, kuma a 2020 kotu ta samu mutum biyu da laifin taimaka wa maharan. Mutanen da aka kashe a Taminus sun kusa ninka na Westgate. Talaucinsu bai rage darajar ransu ba.

Jihar Filato ba ta rasa kwamitocin bincike ba. An yi na Mai shari'a Fiberesima kan rikicin 1994, da na Niki Tobi kan na 2001, da na Bola Ajibola kan na 2008. Abin da aka rasa shi ne aiki da abin da suka gano. Idan mai laifi ya ga ba a hukunta na jiya ba, me zai hana shi shirya na gobe?

Saboda haka muna kira ga Gwamna Caleb Mutfwang da Majalisar Dokokin Jihar Filato da su mayar da sake gina kasuwar babban aikin da za a auna su da shi. A zauna da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na kowane ɓangare, a bayyana sharuɗɗan kwangila a fili, a kuma fara ba waɗanda gobarar 2002 ta raba da shagunansu, ko magadansu. Korar masu talla daga titi ba tare da an tanadar musu matsuguni ba, matsar da cunkoson ne kawai zuwa wani lungun.

Muna kuma kira a tattara sunayen duk waɗanda suka rasu ko suka nakasa a hare-haren 2014 da 2015, a duba halin da marayunsu da zawarawansu ke ciki, a ɗauki nauyin karatu da maganin masu buƙata. Hukumomin tsaro su fito su faɗa wa jama'a inda binciken waɗannan hare-hare ya kwana. A Farin Gada da Katako da tashar Bauchi da Kugiya ta Bukuru, a raba wurin ajiye motoci da wurin ciniki, a buɗe hanyar da motar kashe gobara da ta asibiti za su iya bi, a koya wa shugabannin kasuwa da 'yan sintiri darasin Taminus: idan abu ya fashe, a janye jama'a nesa, kada a taru a kansa.

Su ma 'yan kasuwa da masu sayayya akwai nasu. Wanda ya ga mota ko kaya da aka yasar ba mai shi, ya sanar da shugabannin kasuwa ko jami'an tsaro nan take. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri. Gwamnati kuwa addu'a kaɗai ba za ta sauke mata wannan nauyi ba: ta gina kasuwar Jos, ta kula da waɗanda aka bari, ta gurfanar da masu laifi.