Muryar da Aka Naɗa a Asirce: Yaushe Take Zama Hujja a Kotu?

Sharhinmu na yau zai duba wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare, wato naɗar muryar mutum a waya ba da saninsa ba, sannan a kai ta gaban alƙali a ce ga hujja.

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya kare sirrin kowane ɗan ƙasa, da na gidansa, da wasiƙunsa, da hirarsa ta wayar tarho. Wanda ya ji haka zai zaci duk muryar da aka naɗa a ɓoye kotu za ta yi watsi da ita. To, ba haka dokar take ba. Tun a 1968, a shari'ar Musa Sadau, Kotun Ƙoli ta ce muddin hujja ta shafi maganar da ake shari'a a kai, ana karɓarta ko da an samo ta ta hanyar da ba ta dace ba.

Dokar Shaida ta 2011 ta zo ta sa wa abin linzami. Sashe na 14 ya ce a karɓi irin wannan hujja, sai dai idan alƙali ya ga illar karɓarta ta rinjayi amfaninta. Sashe na 15 kuma ya jera abin da zai auna: ƙarfin hujjar, da girman laifin da ake tuhuma, da munin hanyar da aka bi, da ko da gangan aka keta doka, da ko akwai wata hanya mai tsabta ta samunta.

A Ghana an fi tsanantawa. A 2018, a wata shari'ar rikicin fili da aka sani da shari'ar Cubagee, mai ƙara ya kawo hirar waya da ya naɗa a asirce. Kotun Ƙolin ƙasar ta ce ya keta haƙƙin sirrin da sashe na 18 na kundinsu na 1992 ya kare, ta kuma hana amfani da muryar a wannan shari'a.

A ganinmu, adalci yana ga bambanta masu naɗar nan. Akwai talakan da jami'i ya tsare da neman cin hanci, da matar da ake yi wa barazana cikin dare, da ɗalibar da malami ya matsa wa. Waɗannan laifuffuka ba a yin su a gaban shaidu, kuma wanda aka zalunta ba shi da makami sai wayarsa. Rufe masa ƙofar kotu ƙarin zalunci ne.

Amma akwai mai jan abokinsa da hira har ya furta abin da bai yi niyya ba, da mai ɓoye waya a ɗakin da ba nasa ba don jin zancen da ba da shi ake yi ba. Wannan bin diddigi ne, kuma Suratul Hujurat ta hana shi. Kotun da ta karɓi irin wannan ba tare da awo ba, ta koya wa jama'a cewa cin amana yana da riba.

Saura batun sahihanci. Yau ana yanke murya a haɗa, har a ƙirƙiro ta da kwamfuta. Shi ya sa sashe na 84 na Dokar Shaida ya sharɗanta a kawo bayanin na'urar da aka yi amfani da ita da shaidar cewa tana aiki daidai. Alƙalai su riƙe wannan sharaɗi da ƙarfi.

Kai kuma mai sauraro, idan tilas ta sa ka naɗi muryar wanda ya zalunce ka, adana asalinta, kada ka yanke ko kalma ɗaya, ka kai wa lauya ko hukuma. Kada ka watsa ta a WhatsApp ko Facebook, domin mutuncin da ya zube a can babu hukuncin da zai maido da shi.

Sharhin ke nan na yau.