Kofin 2017 da Bashin da Anguwan Rogo ke Bin Plateau United

Duk wanda yake cikin garin Jos da yammacin Asabar, 9 ga Satumba 2017, ba sai an tuna masa ba. Ranar ce Plateau United ta karɓi baƙuncin Enugu Rangers a filin wasa na Rwang Pam, a wasan ƙarshe na kakar gasar ƙwararru ta Najeriya. Rangers ce ke riƙe da kofin tun kakar da ta gabata, ta kuma zo ta tarar da masu gida suna jiran ta da hannu a buɗe, amma ba don gaisuwa ba. Aka tashi Plateau na da biyu, Rangers na nema. A daidai lokacin MFM ta Legas, wadda ta bi Plateau sawu da ƙafa tun farkon kaka, tana can Maiduguri tana shan kashi a hannun El-Kanemi. Ƙungiyoyi 20, wasanni 38 kowacce, daga Janairu zuwa Satumba, aka rufe littafi Plateau na da maki 66, MFM na da 62. Mai horarwa Kennedy Boboye ya ɗaga kofi da ƙungiyar da shekara biyu kacal da suka wuce take fafutukar fitowa daga rukuni na biyu.

Mun waiwayi wannan kaka ne ba don marmarin tsohon labari ba. Muna ganin an ci riba a shekarar, an kuma bar ta ta zube, kuma cikin waɗanda suka fi asara har da unguwanni irin su Anguwan Rogo.

Kafin 2017, rabon Jos da kofin gasar ƙasa tun 1972, shekarar da aka fara gasar kanta. Mighty Jets ce ta ɗauka, ƙungiyar da attajiri Alhaji Isyaku Ibrahim ya ɗauki nauyinta. Dattawan da ke zama a majalisun Anguwan Rogo da Gangare da Dilimi har gobe in aka taɓo zancen tamaula sai sun ambaci Sam Garba Okoye da Ismaila Mabo, sai kuma sun koma kan wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na wannan shekarar, wanda Jets ta farke ƙwallo biyu a ƙurarren lokaci a Legas, aka sake wasa a Ibadan, Bendel Insurance ta ci uku da biyu. Ciwon bai warke ba. Amma abin lura a jerin sunayen 'yan wasan Jets shi ne babu mai iya cewa ƙungiyar ta wace ƙabila ce ko ta wane addini. Garin kuza ya tara Bahaushe da Birom da Ibo da Bayarabe da Anaguta da Afizere, ƙungiyarsa ma ta fito da kamanninsa. Mabo ɗin nan shi ne daga baya ya kai 'yan matan Najeriya zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar duniya ta 1999, shekarar da ita ma Plateau United ta ci kofin ƙalubale bayan ta doke Iwuanyanwu Nationale.

Tsakanin 1972 da 2017 shekara 45 ne, kuma garin da ya yi murnar farko ba shi ne ya yi ta biyu ba. Rikicin da ya ɓarke ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010, sun sake wa Jos taswira ba tare da an zana ta a takarda ba. Kirista ya kwashe kayansa daga Anguwan Rogo, Musulmi ya kwashe nasa daga Anguwan Rukuba. Aka raba kasuwa, aka raba makaranta, mai keke ya san inda zai ce wa fasinja iyakarsa ke nan. Yaron da aka haifa a Anguwan Rogo bayan 2001 yana iya girma har ya yi gemu bai taɓa cin tuwo a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba, alhali jami'ar Jos, mai tara ɗalibai daga ko'ina a ƙasar nan, tana nan maƙwabtaka da unguwarsu a kan titin Bauchi. Sunan unguwar kansa ya zama abin da wasu ke furtawa da taka-tsantsan, kamar yadda su ma mazaunanta ke furta sunayen wasu unguwannin.

A irin wannan gari, wurin da mutum zai zauna kafaɗa da kafaɗa da wanda bai sani ba, ba tare da an tambaye shi sunansa ba, ya yi ƙaranci ƙwarai. Filin Rwang Pam na cikin 'yan kaɗan da suka rage. Yana tsakiyar gari, ba na wannan ɓangare ba ne, ba na wancan ba. A kakar 2017, duk ranar wasan gida, saurayi daga Anguwan Rogo da saurayi daga Tudun Wada ko Jenta suna bin layi ɗaya a ƙofa, su zagi alƙalin wasa da murya ɗaya, in ƙwallo ta shiga raga su rungumi juna kafin su tuna daga inda kowa ya fito. Gwamnatoci sun kashe kuɗi masu yawa a kan kwamitocin bincike da tarukan sulhu a manyan otal-otal, ba su samar da irin wannan cakuɗa ba. Ƙwallo ta samar da ita a kan kuɗin tikiti.

Ba za mu zuzuta abin fiye da ƙima ba. Kwana biyar bayan ɗaga kofin, ranar Alhamis 14 ga Satumba, gari ya rikice saboda jita-jitar abin da ke faruwa a kudu maso gabas, har Gwamna Simon Lalong ya sa dokar hana fita daga magariba zuwa safiya. Waɗanda suka yi rawa tare ranar Asabar suka koma leƙen juna ta taga. Wannan ya isa ya nuna cewa minti casa'in ba ya goge shekara goma sha shida. Amma ya kuma nuna cewa abin da aka samu a filin wasa tsiro ne, yana son ban-ruwa, kuma ba a yi masa ba.

Dubi abin da ya biyo baya. A farkon 2018 Plateau United ta shiga gasar zakarun Afirka, ta fitar da Eding Sport ta Kamaru, sannan ta haɗu da Étoile du Sahel ta Tunisiya. Aka ci ta huɗu da biyu a can. Wasan gida kuwa, wanda ya kamata a ce duk Jos ta hallara a kansa, sai aka kai shi filin Sani Abacha da ke Kano, saboda filayen Jos ba su cika sharuɗɗan hukumar ƙwallon Afirka ba. Ta ci ɗaya da nema, bai wadatar ba. Da ta gangara gasar da ke ƙasa da wannan, a Legas ta karɓi USM Alger. A 2022 kuma, da ta sake samun gurbi, a Abuja ta karɓi Espérance. Kanawa sun yi karamci, ba mu musa ba, amma mai shayin Anguwan Rogo da ya sayi tikiti tun Janairu har Satumba, da wane kuɗin mota zai bi ƙungiyarsa Kano ko Legas? Shi ya sha ranar, wasu suka sha inuwar. Sabon filin titin Zariya kuwa an shafe shekaru da dama ana gininsa, gwamnati na miƙa wa gwamnati. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke neman kofi ya san kofin zai jawo masa baƙi.

Shi ya sa ba ma ganin laifin matashin da ya koma gidan kallo. A Anguwan Rogo, kamar sauran unguwannin Arewa, rumfar kwano da benci da janareta da talabijin biyu ko uku ita ce filin wasan yau da kullum. Yaro zai lissafo maka 'yan wasan Arsenal da Barcelona har da masu zaman benci, ka tambaye shi golan Plateau United ya yi shiru. Gidajen kallon ma ba su tsira ba: a watan Mayun 2014, kwanaki kaɗan bayan bama-baman kasuwar Terminus, bam ya tashi kusa da masu kallon wasan ƙarshe na zakarun Turai a yankin titin Bauchi. Duk da haka aka ci gaba da cika su. Amma gidan kallo na unguwa ne. Wanda ke kusa da kai a benci maƙwabcinka ne, masallacinku ɗaya. Ba ya haɗa ka da kowa sabo.

Kuma garin nan ba matalaucin 'yan wasa ba ne. A Jos aka haifi John Mikel Obi, ya bi ta Plateau United kafin Norway da Chelsea. A Jos aka haifi Ahmed Musa, ya taso ta makarantar ƙwallo ta GBS da ƙungiyar JUTH, amma sai da ya je Kano Pillars ya ci ƙwallo 18 a kaka guda kafin duniya ta san shi. Moses Simon da Ogenyi Onazi duk 'yan Jos ne. Ƙasar na fitar da amfani, sai dai ba a gida ake sussuka ba.

In aka kawo wannan koke, amsar da aka saba ji ita ce gwamnati ta cire hannunta, a sayar wa masu kuɗi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ƙungiyar da ke rayuwa da kason gwamnatin jiha tana ƙiba ne in gwamna mai son ƙwallo ne, ta rame in ba haka ba, kuma bashin albashi da na kuɗin sa hannu tsohon ciwo ne a gasar Najeriya. Masu wannan ra'ayi kan nuna Remo Stars ta Kunle Soname, wadda ta faɗa rukuni na biyu a kakar nan ta 2017, ta koma ta gina filinta da makarantarta a Ikenne, ta dawo ta ɗauki kofi a 2025. Misali ne mai kyau.

Sai dai kada a yi wa rogo kallon kitse. Akwai wata ƙasa da ta gwada wannan magani gaba ɗaya, ƙasar da kakanninmu suka sani da ƙafafunsu a yaƙin duniya na biyu: Bama, wadda yau ake kira Myanmar. Kafin 2009 ƙungiyoyin gasarsu galibi na ma'aikatun gwamnati ne, suna zaune a Yangon, ta ma'aikatar kuɗi da haraji ce ma ta fi kowacce cin kofi. A 2009 aka kafa gasar ƙwararru da ƙungiyoyi takwas, aka damƙa kowacce a hannun wani hamshaƙin ɗan kasuwa, yawancinsu na kusa da sojojin da ke mulki, aka ce kowacce ta wakilci wani yanki. A 2017, shekarar da Plateau ta ci nata, su ma ƙungiyar kan tsauni ce ta ɗauki nasu a karon farko, wato Shan United ta garin Taunggyi, kuma daga 2019 ta riƙa ɗauka a jere. Amma da sojoji suka yi juyin mulki a Fabrairun 2021, kakar wannan shekarar ba a buga ta ba sam, da aka dawo kuma sai aka tattara wasanni a Yangon, nesa da garuruwan da ƙungiyoyin ke ɗauke da sunansu. Canjin mai gida aka yi, daga ma'aikata zuwa attajiri. Mutanen gari ba su taɓa riƙe makullin ba.

Ba ma sai mun je Asiya ba. Mighty Jets ta mutum ɗaya ce, kuma ta daɗe tana fama a ƙananan rukunai. Giwa FC ta Jos ita ma ta mutum ɗaya ce, a 2016 aka kore ta daga gasar bayan ta ƙi halartar wasanni uku, ta bar magoya bayanta riƙe da tuta ba ƙungiya.

Abin da muke nema ya fi sayarwa wuya, amma bai fi ta tsada ba. Muna so hukumar Plateau United ta buɗe rajistar mambobi, da katin shekara mai sauƙin kuɗi, a sayar da shi a Anguwan Rogo da Kabong da Bukuru da Rikkos da Nasarawa Gwom, mai kati ya samu kujerarsa a fili da kuma ƙuri'a wajen zaɓen wakilan magoya baya a hukumar gudanarwa. Kano Pillars, mai kofi huɗu, ta nuna cewa ɗan Arewa zai biya ya cika fili in ya ji ƙungiyar tasa ce. Muna so a riƙa bayyana abin da aka samu a ƙofa da abin da aka sayar da ɗan wasa, a rubuce, kowa ya gani.

Mafi muhimmanci a wurinmu shi ne gasar unguwanni ta 'yan ƙasa da shekara 17, a ƙarƙashin ƙungiyar da hukumar ƙwallon jiha, gida da waje, ba a filin tsaka-tsaki ba. Yaran Anguwan Rukuba su zo Anguwan Rogo su buga, masu unguwa da limamai su tarbe su, a ba su ruwa da abinci, mako biyu kuma a mayar da ziyara fastoci su yi tarba. Mun san akwai ƙungiyoyin sa-kai da suka sha shirya wasannin zaman lafiya, kuma sun cancanci yabo, amma wasan rana ɗaya da ake ɗaukar hoto a watse daban yake da gasar da ke da jadawali da maki da mai faɗuwa. Za a ce akwai haɗari. Akwai, shi ya sa sai an zauna da jami'an tsaro da shugabannin matasa kafin a busa usur. Filayen makarantun firamare da yaran ke buga ƙwallo a kan tsakuwa su ma suna buƙatar a baje su a kafa musu raga, kuɗin da bai kai na sayen ɗan wasa ɗaya daga waje ba.

Su ma mutanen Anguwan Rogo akwai nasu. Attajiran unguwar da ke ɗaukar nauyin gasar sallah su haɗa kai su tsaya wa ƙungiyar matasa guda mai rajista. Masu gidajen kallo kuma, ranar da Plateau United ke wasa a gida, su rubuta shi a saman allon da suke jera wasannin Ingila da Sifen, da lokacinsa da kuɗin shiga, ko da yaro goma ne za su tashi daga benci su hau keke zuwa fili.