A Aji Uku Ake Rasa Ta

A kusan kowace makarantar sakandare ta ƙauye akwai wata yarinya da malamin kimiyya ya san da zamanta. Ita ce mai tsayawa bayan an tashi, ta tambayi dalilin da ya sa ganyen rogo ke langaɓewa da rana tsaka, sa'an nan ya miƙe da la'asar. A ƙananan hukumomin Batsari da Safana, waɗanda ke bakin Dajin Rugu, irin wannan yarinya ba kasafai take faɗuwa jarrabawa ba. Wata rana dai ake kiran suna a ji shiru.

Galibin masu son taimakawa jami'a suke hange. Hukumar tallafin karatu ta Jihar Katsina da ɗaliban manyan makarantu take ji, haka ma asusun bashin karatu na NELFUND da ya fara aiki a 2024. Madalla da wannan, sai dai 'yar manomi a Ruma ko Runka ba ta cika kaiwa can ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatu kyauta na shekara 9, watau zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. Daga nan wajibcin doka ya ƙare, kuma a daidai wannan lokaci ne gida ke fara lissafin talla da kayan ɗaki.

Bai kamata a yi saurin ɗora wa iyaye laifi ba. Mutumin da 'yan bindiga suka kore wa shanu, suka kuma hana shi noman gonarsa ta nesa, ba ƙin ilimi ne ya sa shi duba abin da farantin talla ke kawowa ba. Tun bayan sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020, tsoron makarantar kwana ya sami hujja.

To, me al'umma ke asara? A 1979 masanin ƙididdigar jama'a John Caldwell ya nazarci bayanan da aka tattara a Ibadan da yammacin Nijeriya, ya gano cewa ilimin uwa yana cikin manyan abubuwan da ke sa yaro ya rayu, ko da an yi la'akari da samun uba. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2010 ya danganta kimanin rabin raguwar mace-macen ƙananan yara a duniya tsakanin 1970 da 2009 ga karatun mata. Bugu da ƙari, asibitin ƙauye ba zai sami ungozoma 'yar gari ba sai wata ta gama aji shida.

Shirin AGILE, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, Katsina na cikin jihohi 7 na farko, ya gane bakin zaren, domin ya tanadi ba gidajen talakawa kuɗi muddin yarinya tana zuwa makaranta. Amma shiri yana da wa'adi, kuma ba kowane gida yake kaiwa ba. Malamin aji ne ya san wadda aka tsallake.

Shi ya kamata ya fara motsi tun zangon ƙarshe na aji uku. Ya je wurin mahaifinta tare da liman ko mai unguwa, a zauna a lissafa abin da ake bukata: kayan makaranta, littattafai, kuɗin mota, kuɗin jarrabawa, da abin da zai maye gurbin ribar talla, wanda ya fi dacewa a damƙa wa uwa. A haɗa da audugar mata, ko da ana jin nauyin ambatarta. A kuma duba farin idonta da tafin hannunta, domin ƙarancin jini ya yawaita ga 'yan mata masu tasowa, yana kawo kasala da ake ɗauka lalaci ne. Wake da zogale da hanta suna taimakawa. Zakkar ɗan kasuwa guda, ko karo-karon tsofaffin ɗalibai, na iya ɗaukar wannan nauyi na shekara 3.

Idan ta gama, ba sai ta yi nisa ba. Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011 duk suna Dutsin-Ma, maƙwabciyar Safana.