Masu Tallar Motar Dizal, Ku Kawo Lissafi

Tun da kamfanin NNPC ya kai litar fetur naira 1,030 a Abuja a watan Oktoba na 2024, wata sabuwar fatawa ta cika majalisu da filayen dillalan mota: wai mai hankali ya sayar da motarsa ta fetur ya koma dizal, tunda tallafin fetur ya tafi, tazarar farashi kuma ta matse. Maganar banza ce. Waɗanda suka fi kowa yayata ta su ne masu tsofaffin motocin dizal da suka yi wata da watanni a jibge, ƙura ta rufe gilashinsu, babu mai tayawa.

Hujjarsu ɗaya ce, injin dizal ba ya shan mai. Wannan kowa ya sani. To mu ɗauki biro. Mu ƙaddara ma'aikaci na tafiyar kilomita 1,000 a wata, ofis, makarantar yara, zumunci ranar Asabar. Motar fetur mai shan lita 10 a kowane kilomita 100 za ta sha lita 100, naira 103,000 ke nan a farashin Oktoban 2024. Takwararta ta dizal, mu ba ta lita bakwai da rabi, za ta sha lita 75. Idan ya sami lita a 1,300, zai biya 97,500. Ribar duka naira 5,500 a wata. A kan wannan za a ce magidanci ya rabu da motar da ya san halinta, ya cika kuɗi, ya ɗauko wadda bai sani ba?

Kuma dizal ɗin da mutane ke tunawa, irin na tsohuwar Land Cruiser da ake cewa ba ta mutuwa, ba shi ake kawo mana yanzu ba. Injin dizal na zamani ɗan gata ne. Yana fesa mai ta ƙofofin nozul da ido da ƙyar yake ganinsu, da ƙarfin da ɗigon ruwa ko ƙwayar yashi ke iya lalata famfon gaba ɗaya. Akwai matata a jikin salansa mai tare baƙin hayaƙi, wadda ba ta wankuwa sai mota ta yi doguwar tafiya da zafi a babban titi. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce cunkoson cikin gari ba, matatar toshewa za ta yi, fitila ta kama, mota ta ƙi ja. Na ga irinta a gareji: bakanike ya sauke salansa, ya sa rodi da guduma yana farfasa cikin matatar, toka na zuba a ƙasa, mai motar na tsaye yana jin an ce masa an gama gyara. Bayan nan hayaƙin duka a fuskar mai babur ɗin da ke bayansa yake sauka.

Sai man kansa. A Turai doka ba ta yarda sinadarin farar wuta a dizal ya wuce kashi 10 cikin miliyan ba. Mu nan mun shafe shekaru ana shigo mana da mai kashi 3,000, sai a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko zuwa 50. Wannan a takarda ke nan. Wa ke auna abin da ke cikin jarkar ɗan bumburutu? Wa ke bin wanda ya tsarma kalanzir ko ruwa? Ƙaramar motar fetur za ta yi tari ta wuce, kowane yaron gareji ya san ta, kayanta cike a Ƙofar Ruwa da Panteka. Ta dizal kuwa zaman jiran kaya daga waje za a yi, kuma gyara ɗaya ya cinye ribar shekara. Gudun gara ne, a faɗa gidan zago.

Za su ce ai matatar Dangote ta karya farashi, ta sauke litar dizal zuwa naira 1,000 a Afrilun 2024. Farashin masu sari ne a bakin matata a Legas, ba na mai mota a Gusau ba. Kuma mun manta 2022? Yaƙin Yukren na ɓarkewa, dizal ya tashi daga wajen naira 300 ya doshi 800 cikin 'yan watanni. Mai motar dizal da janaretan bankuna da masana'antu da turakun waya yake kokawa a kan lita ɗaya. Duk ranar da lantarki ya faɗi, shi zai ji a jika.

Za su kuma ce to tireloli fa? Wa ya yi musu? Mai jan tan talatin daga Apapa zuwa Kano ba shi da zaɓi. Ba da shi muke ba, kuma sun san ba da shi muke ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne inda motocin nan ke fitowa. Turawa ne suka fi kowa son dizal, har ya zama kusan rabin sababbin motocinsu. A Satumban 2015 aka kama Volkswagen da na'urar yaudarar gwajin hayaƙi a motoci wajen miliyan 11. Hamburg ta hana tsofaffin dizal bin wasu titunanta a 2018, Stuttgart ta bi sahu a 2019, a Landan kuwa fam 12 da rabi mai tsohuwar dizal ke biya kowace ranar da ya hau titi. A 2023 kason dizal a sababbin motocin Tarayyar Turai bai kai 15 cikin ɗari ba. Masu ƙera abu sun gudu sun bar shi, an loda a jirgin ruwa, ya sauka Kwatano ko Legas, dillali ya wanke shi da sabulu ya ce mana tattali ne.

Ƙasar da tun 1975 take haɗa Peugeot a Kaduna, ta haɗa Volkswagen a Legas, ita ce yau ta zama jujin motocin da wasu suka tsana. Gwamnatoci sun zo sun wuce, kowace da takardar manufar ƙera motoci, matatar man Kaduna na kwance, 'yan kwastan kuɗin fito kawai suke ƙirgawa. Babu mai tambayar hayaƙin injin.