Tanadin Jin Daɗin Ɗalibai a Kudancin Jihar Kano

Tun shekarar 1976 da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, yawancin ƙoƙarin hukuma ya tafi ne wajen gina azuzuwa da ɗaukar malamai. Amma abin da ke riƙe yaro a makaranta har ya gama, watau abinci da makwanci da magani da tsaro da mai ba shi shawara, shi ne aka fi bari a baya.

Babu inda wannan giɓi ya fi fitowa fili kamar ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Ƙauyukan wannan yanki a warwatse suke, ga dajin Falgore ya ratsa Tudun Wada da Doguwa. Ɗan manomin da ke bayan Riruwai, musamman 'ya mace, da wuya ya yi sakandare in ba a makarantar kwana ba.

An ga haka a 2021, bayan sace ɗalibai a Kagara ta Jihar Neja da Jangebe ta Jihar Zamfara. Gwamnatin Kano ta rufe wasu makarantun kwana, har da ta Kafin Maiyaki a Kiru, da kwalejin koyon sana'a ta Bagauda, da kwalejin share fagen shiga jami'a ta Tudun Wada. Lalle matakin ya kare rayuka, amma ɗan birni yana da makarantar jeka-ka-dawo kusa da gida, shi kuwa ɗan ƙauye sai gona ko talla, yarinya kuma sai a fara zancen aure.

Dokar ta-ɓaci kan ilmi da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana a 2024 dama ce ta gyara. Wajibi ne Ma'aikatar Ilmi ta fara da ƙididdigar nisan kowane ƙauye daga sakandare mafi kusa, don a san inda ake bukatar ɗakin kwana da katanga da masu gadi. Kuɗin abinci kuma a fitar da shi kafin zangon karatu ya soma.

Bugu da ƙari, manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi malamai masu ba ɗalibai shawara. A yankin da ke da madatsar ruwa ta Tiga, irin wannan malami zai nuna wa yaro cewa noman rani da kamun kifi sana'o'i ne da ake karantawa har jami'a. Kada a ɗora masa darasi cikakke, a ce ya yi shawarar in ya sami sukuni.

Ma'aunin nasara shi ne yawan waɗanda suka kammala, ba yawan sunayen da ke cikin rajista ba.