Sharhi: Gawayi, citta da darasin 'yan Mennonite ga Kudancin Kaduna

Duk wanda ya bi hanyar Kafanchan zuwa Kwoi ko Kachia da rani zai ga buhunan gawayi jere a bakin titi, suna jiran motar da za ta kai su birni. Kowane buhu bishiya ce da aka sare daga dajin da ke ba makiyayi ciyawa, yake kuma hana ruwan sama kwashe ƙasar gonar manomi. A shekarar 2023 cutar ruɓewar citta ta cinye gonaki a Kachia da Jaba da Kagarko, kuma manomin da jarinsa ya ruɓe a ƙasa, gatari ne ya fi kusa da hannunsa.

A irin wannan hali ne ya dace a dubi yadda ɗarikar Kirista ta Mennonite ke haɗa zancen zaman lafiya da kula da ƙasa. Ɗarikar ta samo asali ne daga yunƙurin da ya fara a Zurich a 1525, ta kuma ɗauki sunan wani malami ɗan ƙasar Holan, Menno Simons. An san mabiyanta da ƙin ɗaukar makami. Ƙungiyarsu ta agaji, MCC, an kafa ta a 1920 domin ciyar da waɗanda yunwa ta addaba a Yukren, kuma bayan abinci ta aika musu da taraktoci domin su koma noma. A 2020 majalisar ɗarikar ta duniya ta kafa kwamiti kan kula da muhalli.

'Yan Mennonite ba su da manyan majami'u a Kudancin Kaduna. Cocinsu na Najeriya ya fi ƙarfi a Akwa Ibom. Amma aikinsu na nan kusa. Daga ofishinta na Jos, MCC ta daɗe tana tallafa wa rukunin Musulmi da Kirista masu shiga tsakani kafin rikici ya ɓarke a Jihar Filato, da ƙungiyoyin zaman lafiya na ɗalibai a makarantu. A Bauchi kuma ƙungiyar MEDA ta yi aiki da mata da matasa masu sarrafa shinkafa da gyaɗa da waken suya.

Ba a ce hannunsu babu datti ba. A Bolibiya da Paraguwai, ana zargin wasu matsugunan manoman Mennonite da share dazuzzuka domin noman waken suya da kiwon shanu. Abin ara a wurinsu dai shi ne tsarin aiki: sulhu da abin kaiwa baki tare suke tafiya.

Tarihin yankin ya nuna dalili. Bayan rikicin Kafanchan na 1987, da na Zangon Kataf na 1992, da na bayan zaɓen 2011, al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jema'a da Kaura da Kachia da Sanga da Zangon Kataf sun sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Kafanchan a watan Maris na 2016. Kafin shekarar ta ƙare an kai hare-hare Godogodo da Goska. Yarjejeniyar ta taɓo rikicin manoma da makiyaya, sai dai takarda ba ta buɗe burtalin da aka nome, ba ta kuma dawo da mashayar da ta ƙafe.

A nan ne majami'un yankin ke da abin da gwamnati ba ta da shi. ECWA da Katolika da Angilikan da Baftis suna da filaye da makarantu da jama'ar da ke sauraron su kowace Lahadi, kamar yadda masallatai ke da tasu kowace Juma'a. Makarantar tauhidi ta ECWA da ke Kagoro na yaye fastocin da za su zauna a ƙauyukan da ake sare itatuwan. Fasto ko limamin da ya san yadda ake renon dashe, ya kuma iya zaunar da arɗo da dagaci kan iyakar gona, ya fi wa'azi goma amfani a watan da shanu ke dawowa daga kudu.

Gwamnatin Tarayya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo a 2024, kuma makiyayar Ladduga da ke Kachia na nan tana jiran ruwa da ciyawa. Gyaran ta aikin gwamnati ne. Shata burtali a Jema'a da Sanga kafin ruwan farko ya sauka kuwa, ba ya buƙatar jiran kasafin kuɗi daga Abuja.