Gonar Da Wani Uba Ya Share Wa 'Yarsa

A makon jiya na kai ziyara gidan ƙanena a wani ƙauye da ke gefen Hunkuyi, lokacin kuwa ana tsakiyar saran rake, motoci suna ta lodi zuwa Makarfi, hayaƙin masu dafa mazarƙwaila ya turnuƙe bakin fadama. Muna zaune a ƙofar gida bayan la'asar, sai na hangi 'yarsa, yarinya da ba ta wuce shekara goma ba, ta ɗora ƙodagon goruba a kan wani ɗan tudun ƙasa, ta gyara tsayuwa, ta ɗaga wata sandar makiyaya da ta fi ta tsawo, ta sheme shi, ƙodagon ya tashi ya tsallake dangar maƙwabta ya faɗa can cikin kara. Kafin yaran da ke kallo su gama sowa, kakarta ta leƙo daga zaure ta ce, "Ke, ajiye sandar nan, ke ba namiji ba ce." Yarinyar ta ce, "To, Inna," ta jingine sandar a jikin bango, ta shige gida.

Ban ce uffan ba a lokacin, domin tsohuwa mahaifiyata ce, kuma abin da ta faɗa shi ne abin da aka faɗa mata tana ƙarama. Amma tun daga wannan yammaci zuciyata ta koma kan labarin wata mata Ba'amurkiya baƙar fata mai suna Renee Powell, wadda ta yi suna a ƙwallon lambu, wato wasan da Turawa ke kira golf, kuma shi nake so in kawo wa masu karatu a wannan mako.

Na san da yawa daga cikin mutanenmu na Ikara da Makarfi da Kudan ba su san wasan nan ba sai dai in sun bi ta unguwar Turawa a Zariya ko Kaduna sun hangi manya suna tafe a fili, yaro na biye da su ɗauke da jakar sanduna. Ƙa'idarsa kuwa mai sauƙi ce. Ana haƙa ramuka 18 a wurare masu nisa da juna cikin babban fili, mutum ya riƙa dukan 'yar ƙaramar ƙwallo da sanda har ya jefa ta cikin kowane rami, wanda ya gama da mafi ƙarancin duka shi ne ya ci. Abin da ya fi burge ni a cikinsa shi ne, mafi yawan lokaci babu alƙalin da ke tsaye a kan ɗan wasa, shi ne zai ƙirga dukansa da kansa, in ya yi kuskure shi ne zai tona kansa ya karɓi hukunci, alhali kuwa da ya yi shiru babu mai sani sai Allah. Wasa ne da aka gina a kan amana.

Mahaifin Renee, William Powell, an haife shi a 1916 a jihar Alabama, ya tashi a jihar Ohio, kuma tun yana ɗan shekara tara ya fara ɗaukar wa Turawa jakar sanduna, inda ya koyi wasan da ido kamar yadda yawancin ƙwararrun 'yan wasan Nijeriya suka koya. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo aka kai shi Ingila a matsayin soja, a can ya samu ana barinsa ya buga a filayensu, amma da ya komo ƙasar da ya yi wa yaƙi, sai ya tarar filayen da ya sani tun yana yaro ba su maraba da shi saboda launin fatarsa, bankuna suka hana shi rancen da ake ba tsofaffin soja, ita kuma ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasa maza ta Amurka tana da doka a rubuce, wadda ta tsaya daga 1934 har 1961, cewa farar fata kaɗai ke iya zama ɗanta. Wani da ya gamu da irin wannan zalunci da sai ya haƙura ya koma gefe yana ƙorafi har ƙarshen ransa. Shi kuwa sai ya nemi taimakon ɗan'uwansa da wasu likitoci biyu baƙaƙen fata, a 1946 ya sayi wata tsohuwar gonar kiwon shanu mai eka 78 a East Canton, ya ce tun da an hana shi filin wasu zai share nasa.

Manomin da ya taɓa sharar sabuwar gona ya fi kowa sanin nauyin abin da wannan bawan Allah ya ɗauka. Da dare yana aikin gadi a wata masana'anta domin ya ciyar da iyali, da rana kuma yana gonar, yana tsince duwatsu da hannu, yana tumɓuke turakun shinge, yana shuka ciyawa, matarsa Marcella tana taya shi, har cikin 1948 ya buɗe ramuka tara na farko, ya sa wa wurin suna Clearview, kuma ya bar ƙofarsa a buɗe ga kowa, har da waɗanda suka rufe masa tasu. Sauran ramuka taran sai a 1978 ya kammala su, bayan shekara talatin.

A shekarar da ya sayi gonar, 1946, aka haifa masa Renee. Tana da shekara uku ya yanke mata sanda daidai tsawonta ya danƙa mata, kuma a nan ne, a ganina, dukan labarin ya ƙullu, domin mutumin da aka wulaƙanta saboda launinsa yana iya komawa gida ya wulaƙanta 'yarsa saboda kasancewarta mace, kuma mun sha ganin haka, amma shi ya gane cewa ƙofar da aka rufe masa da wadda zai rufe mata duk ɗaya ce. Tana da shekara 12 ta fara shiga gasa. A 1962 ta zama baƙar fata ta farko da ta buga gasar 'yan mata ta ƙasa baki ɗaya, ta yi karatu a jami'o'in Ohio tana jagorantar 'yan wasansu mata, sannan a 1967 ta shiga ƙungiyar ƙwararrun mata, LPGA, wadda mata 13 suka kafa a 1950. Ita ce baƙar fata ta biyu a cikinta, bayan Althea Gibson, wadda ta riga ta ci gasar tanis ta Wimbledon a 1957 da 1958 kafin ta koma ƙwallon lambu.

Shekarun da ta yi tana yawon gasa ba su zo mata da sauƙi ba. An aika mata da wasiƙun barazanar kisa, an hana ta masauki a otal, an ƙi sayar mata da abinci a wuraren da abokan wasanta ke ci, har wasu daga cikinsu, musamman wata 'yar Kanada mai suna Sandra Post wadda suke kwana ɗaki ɗaya, sukan tashi su bar wurin tare da ita. Ta buga gasa fiye da 250, ba ta taɓa cin kofin LPGA ba, nasararta ta zo ne a 1973 a birnin Brisbane na Ostareliya. Na faɗi wannan ne da gangan, saboda masu son labari ya ƙare da tarin kofuna su sani cewa darajar mai share hanya ba a kofi ake auna ta ba. Daga baya ta koyar da wasan a Ingila, ta yi ta zuwa ƙasashen Afirka tana koyarwa, a 1995 kuma ta koma Clearview ta zama shugabar masu koyarwa a filin mahaifinta. Jami'ar St Andrews ta Sikotilan ta ba ta digirin girmamawa a 2008, mahaifin yana raye, ya rasu a ƙarshen 2009 yana da shekara 93. A 2015 tsohuwar ƙungiyar ƙwallon lambu ta St Andrews, wadda aka kafa a 1754 kuma ta shafe shekara 260 ba ta karɓi mace ba, ta sa Renee cikin mata bakwai na farko da ta karɓa a matsayin membobin girmamawa.

To, ya kai mai karatu, ba ina cewa a je a haƙa ramuka 18 a fadamar Kudan ba ne, domin ƙasar da ke ba mu rake da tumatir da inabi tana da aikin da ya fi wannan, kuma wasan yana da tsadar da talaka ba zai iya ba. Ko Georgia Oboh, wadda ita ce 'yar Nijeriya ta farko da ta shiga gasar ƙwararrun mata ta Turai, a Manchester aka haife ta, iyayenta ne suka kai ta fili tun tana ƙarama. Mas'alar da ke gabanmu ta fi haka kusa, ita ce ina 'ya'yanmu mata za su motsa jikinsu. A da akwai dandali, inda 'yan mata ke gaɗa da tsalle da guje-guje a farin wata, manya suna jin muryoyinsu daga zaure. Dandali ya mutu a yawancin garuruwanmu, bisa dalilan da wasunsu na gaskiya ne, amma ba mu kafa kome a gurbinsa ba. Yarinya tana tashi daga talla zuwa wanke-wanke zuwa aji, in ta yi aure ta shiga ɗaki, sai kuma shekaru su ja mu riƙa jigilar ta zuwa asibiti da hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa, likita yana cewa ta riƙa tafiya, ita kuwa ba ta da inda za ta taka.

Wanda zai kawo hujjar addini, ina girmama shi, kuma da hujjar addini zan amsa masa. Ya tabbata a cikin hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha har sau biyu, ta tsere masa a na farko, ya tsere mata a na biyu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuwa ya yi kakkausar suka, a cikin Nurul Albab, ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, kuma abin da ya shuka a gidansa shi ne ya fito a jikin Nana Asma'u da 'yan tarunta. Sharuɗɗan da shari'a ta gindaya sanannu ne, sutura da nisantar cakuɗuwa da kiyaye lokutan salla, kuma dukansu katanga ɗaya da malama ɗaya sun isa su cika su. Ƙananan hukumomin nan uku, Ikara da Makarfi da Kudan, suna iya kewaye fili ɗaya a kowace makarantar 'yan mata, su hana a yanka shi, su ɗauki mace mai koyar da motsa jiki. Attajiran rake da dillalan tumatir, waɗanda Allah ya buɗa wa, suna iya ɗaukar nauyin katangar a matsayin sadaka mai gudana.

Da dare ya yi na tambayi ƙanena ina filin makarantar su yarinyar, wanda muka yi ta gudu a kansa muna yara. Ya ce, "Yaya, ai an daɗe da yanka shi, rabi shaguna, rabi an ce za a yi aji, har yau tubali ne a zube." Na ba shi labarin William Powell tun daga farko har ƙarshe, sannan na roƙe shi ya bar kusurwar gonarsa ta bayan gida, wadda danga ta riga ta kewaye, kada ya sa mata tumatir bana, ya daidaita ta ya bar wa yarinyar da ƙawayenta. Ya yi shiru yana lissafin kwando nawa kusurwar take ba shi, can ya ce sai ya yi shawara da Inna. Da safe, kafin in kama hanyar Zariya, na durƙusa na gaishe ta, na fara yi mata bayanin da kaina.